Matar Dutse a Akurkin Dympna

"Ɗaga allon nan na ƙasa," in ji Dympna daga kan kekenta na marasa lafiya. "A hankali, Malachy, kar ka firgita min kaji."

Malachy magini ne, shekara arba'in katangarsu ɗaya da tsohuwar. Ya ɗaga allon akurkin, sai ga matar dutse, wata siffar mace da aka sassaƙa, kwance cikin tattaka: kai ƙwal, haƙarƙari a waje, ta ware ƙafafu ko kunya babu. Ita ce ta ɓace daga saman ƙofar tsohon cocin ƙauyen tun yana saurayi.

"Ashe ke ce ɓarauniyar," ya ce. "Shekara da shekaru ana zargin baƙi."

"Fadan cocin na wancan lokacin ne ya ce zai sa mata guduma. Ni kuwa ungozoma ce, duk mai cikin da ta zo hannuna sai da ta fara shafa matar dutsen nan. In zuba ido a farfasa min abokiyar aiki?" Ta yi tari, ta gyara bargo. "Likita ya ce ba zan ga ƙarshen wata ba. Mayar min da ita saman ƙofar cocin. In na tarar da tsohon Fadan a can lahira, ina so in ce masa tana nan daram."

Ranar Laraba Malachy ya kwaɓa farar ƙasa, ya hau tsani a ƙofar tsohon cocin ana yayyafi. Matan ƙauye suka zo da shayi da burodi. Sabon Fada, Cathal, shi ya riƙe tsanin, idonsa a kan takalminsa.

"Ɗaga kai mana, Fada," in ji Dympna. "Ta girmi kakar kakarka."

Mata suka kwashe da dariya, kunnuwan Fada suka yi ja.

"Malachy, ta karkace hagu," in ji Dympna.

"Haka aka sassaƙa ta, Dympna."

"To bar ta. Ni ma haka aka yi ni."

Da safiyar Asabar ta shanye shayinta, ta ce sukari ya yi kaɗan, ta jingina da matashin kai. Ba ta sake magana ba.

Aka binne ta a harabar tsohon cocin. Da jama'a suka wuce mashaya, Malachy ya tsaya a ƙofar, hularsa a hannu. Ya danna farar ƙasar da babban yatsa, har yanzu da ɗanshi. Wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan matar dutsen, yana karkaɗe ruwa daga fukafukansa.