Karen Gidan Bene

"Kawar da kofin nan! Don Allah kawar da shi!"

Tela ta ja da baya, ruwan ya zube mata a zani. Kafinta, maƙwabcinta na shekara goma sha ɗaya, ya manne da bango yana riƙe da maƙogwaro, leɓɓansa duk sun tsage. Ƙishi yake ji, amma da ya ga ruwa sai wuyansa ya shaƙe.

"Yaya, tun jiya haka yake," in ji matarsa. "Ko iskar fanka ba ya so."

Idon tela ya sauka a kan ɗan tabon da ke bayan hannunsa.

Sati biyar ke nan da ya je gyaran ƙofa a gidan benen ƙarshen layi, karen gidan ya cije shi. Ita ce ma ta ba shi ƙyallen da ya ɗaure wurin. Mai gidan ya leƙo daga sama ya ce, "Kada ka damu, an yi masa allura." Kafinta ya yi dariya, wai ƙusa ma ta yi masa abin da ya fi wannan, ya koma kan aikinsa.

A asibiti likita ba ta ɓoye musu komai ba.

"Ciwon haukan kare ne. Da a ranar an wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, an kawo shi mun fara masa allura, da yanzu yana shagonsa. Amma tunda ya fara gudun ruwa, ba shi da magani."

Daga nan tela ba ta zame ko'ina ba sai gidan bene. Da tsakar rana ta dinga dukan ƙofar ƙarfen har masu shaguna suka fito.

"Ina karen?"

"Ya mutu," in ji mai gidan. "Kwana kaɗan bayan nan."

"Ya mutu, ka binne, ka ja bakinka ka yi shiru? Gida uku ne tsakaninka da mutumin nan!"

"Baiwar Allah, ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Nuna mini takardar allurar."

Ya sosa ƙeya. "Na dai yi niyyar kai shi. Komai ƙaddara ce."

"Kada ka laƙaba wa ƙaddara sakacinka! Motarka kullum tana ƙyalli, allura ɗaya a shekara ce ta gagare ka? Da bakinka ka ce an yi. Maganarka ya ɗauka!"

Ya turo ƙofar ya rufe. Ta tsaya tana huci, hawaye masu zafi na zubo mata, don ta san ita ma ƙyalle ta miƙa, ba sabulu ba.

Kwana uku kafinta ya yi a asibiti, ya cika da hantsi. Ba ruwa ko ɗigo a bakinsa.

Bayan mako guda matarsa ta roƙi tela ta raka ta buɗe shagonsa. Garin katako na nan a ƙasa da sawun takalminsa. A tsakiya ga wata kujera mai ƙafa uku, ta huɗun na kwance a kan benci, an ja mata layi da fensir. Matar ta ɗauki ƙafar, ta hure ƙurar, ta ɗora a kan cinyarta.