Ruwan da Baba Ya Hana a Zubar

Tahani na kwance rigingine a kan kwali a ƙarƙashin karafan ɗin mahaifinta, fitila ɗaure a goshinta, tana auna tazarar da ke tsakanin gindin tanki da gefen taya.

"Ki fito, ya binti," in ji Baba Sabi'u daga kan kujerarsa ta roba. "Nan ba wurin mace ba ne."

"Ba wurin mai ciwon baya ba ne ma, Baba, amma ka shiga."

Tsohon ya yi tsaki ya kau da kai.

Karafan ɗaki ne mai taya da ake ja da mota, da gado a ciki, da ɗan wurin girki, da tankin ruwa a ƙarƙashin daɓe. Baba Sabi'u ya saye shi da ya ajiye aiki, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa bututun ruwa a tantunan Mina. Lungunan unguwarsu, Misfala, ko ƙaramar mota da ƙyar take ratsa su, shi ya sa yake ajiye shi a wani fili mai katanga a hanyar Arfa. Da zarar sanyi ya shigo sai ya ɗauki matarsa Shatu su fita jeji, ya hura wuta, ya dafa shayi, ya zauna yana kallon duwatsu. A gida tsoho ne da ake miƙa wa magani. A jeji kuwa shi ne mai gida.

Wanda ya ƙera karafan ɗin da alama bai taɓa tsufa ba. Ya je ya sa mafitar ruwan tanki can tsakiyar ciki, bayan ƙarfen taya, da wani marfin roba da sai ka ja ciki ka shiga kafin hannunka ya kai. In ka kwance shi kuma ruwan a fuskarka zai fara sauka, sannan ƙasa.

Makon jiya famfon ciki ya toshe, ruwa ya fara wari. Baba ya shiga ƙarƙashi shi kaɗai, bayansa ya riƙe, ya kasa gaba ya kasa baya, har sai da mai gadin filin ya ji muryarsa ya jawo shi da ƙafa. Babban ɗansa Bandar ya zo asibiti. A nan ya yanke magana: abin da Baba ba zai iya kula da shi ba sai ya kwanta a ƙasa, ba zai zauna a hannunsa ba. Ya samo mai saye, wani abokin aikinsa Nawaf, kuma yau bayan la'asar zai zo ya ja karafan ɗin.

Kowa ya ga rashin jin maganar tsoho. Tahani ce kaɗai ta lura da abin da mai gadi ya kwaso daga ƙarƙashi: kofunan silba da ƙananan kwanuka, har da butar shayi. Aikinta ke nan, lura da ruwa. Ita ke kula da injinan tace ruwa a sashen wankin ƙoda na wani asibiti, kuma ta san mai son zubar da ruwa ba ya zuwa da kofi. Daren jiya ta tsare Baba bayan cin abinci, sai ya faɗa mata, yana kallon tafin hannunsa. Duk sanda ya cika tankin da ruwan tanka, yakan ƙara jarka guda ta Zamzam a kai don albarka.

"To in buɗe marfi in bar shi ya malala kan baƙin mai da kashin mage? Mutane su taka? Wallahi gara bayan ya karye."

Ba ta yi masa gardama ba. Da safe ta nemi hutu, ta biya ta shagon kayan famfo, ta zo da jaka cike.

Yanzu ta fito daga ƙarƙashi ta baje kayan a gabansa: gwiwar bututu, dogon bututu fari, ƙarafan ɗauri, da mahbas, wato kan famfo mai dogon jan hannu. Baba ya yi kamar bai gani ba. Amma da ta fara naɗa farin tef a bakin gwiwar sai wuyansa ya miƙe.

"Ta ina kike naɗawa?"

"Ta inda ake murɗawa."

"Hmm." Ya koma ya jingina. "Wa ya koya miki?"

"Wani sabbak, mai gyaran famfo, mai faɗa. Yana koya wa Yaya Bandar, Yaya Bandar na kallon ƙwallo ta taga, ni kuma ina bayan ƙofa."

Ya danne dariyarsa da tari.

Hannunta ba ya gaggawa. Ta ɗaure bututun a jikin ƙarfen karafan, ta ba shi ɗan gangare don kada ɗigo ya kwana a ciki. Ta kai mahbas ɗin gefe, gaban taya, inda duwatsun jeji ba za su fyaɗe shi ba. Kafin ta ɗaure shi sai ta jawo kujerar Baba da shi a kai, ta ce ya miƙa hannu. Inda hannun ya tsaya ba tare da ya sunkuya ba, nan ta yi alama. Tsohon ya ga abin da ta yi, ya daina cewa ta fito.

Motar Bandar ta shigo ana gab da kiran la'asar. Ya sauko cikin farar jallabiya mai guga, ya tsaya yana kallon ƙanwarsa da ƙura har gira.

"Esh hada? Tahani, me kike yi? Halas, magana ta ƙare. Nawaf yana hanya."

Hausar Bandar ta gida ce kawai, in ransa ya ɓaci rabinta Larabci take komawa.

"Yaya, ka ce abin da sai ya kwanta a ƙasa. Ni ban ƙara ko kalma a kan maganarka ba. In ya iya a zaune fa?"

"Ni na ɗauko shi daga asibiti, ba ke ba. Kin san yadda na same shi?"

"Na sani. Ka san me ya kai shi?"

Ta faɗa masa. Bandar ya juya ya dubi mahaifinsa.

"Abuya, Zamzam a tankin wanke hannu? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?" in ji tsohon.

Tsoro ne ya sa Bandar faɗa tun farko, ba mugunta ba, kuma Tahani ta san haka, shi ya sa ba ta bar shi ya daɗe cikin kunya ba. Ta miƙa masa babban tiren da Umma ke zuba shinkafa in an fita jeji.

"Saura abu ɗaya, kuma hannu biyu ba za su isa ba. Zan cire marfin in ɗaura gwiwar alhali ruwan na cikin tanki. Abin da ya tsere ka tare. Ko ɗigo kada ya taɓa ƙasa."

Ya dubi jallabiyarsa, ya dubi kwalin. Sannan ya cire agogo ya ba mahaifinsa, ya kwanta.

A ƙarƙashi zafi kamar bakin tanda. Tahani ta sassauta marfin da sifana, ta ƙarasa da yatsu a hankali. Ta ce bismillah, ta zare, ta danne ramin da babban yatsa. Ruwa ya yi tsartuwa ta gefe ya sauka a tiren, wani ya bi damtsenta har gwiwar hannu yana ɗiga, Bandar ya matso da tiren ya tare. Ta ɗaga yatsa ta cusa gwiwar bututun, murɗi ɗaya, biyu, ta mayar da yatsan kan ɗaya bakin gwiwar, ruwan ya tsaya. Ta haɗa dogon bututun, ta ƙara matsewa, ta shafa mahaɗar da bayan hannu. A bushe take.

"Ya zuba?" Muryar Baba daga waje.

"La, Abuya," in ji Bandar, yana fitowa da baya da tiren a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. "Duk yana nan."

Tahani ta ajiye bokiti mai tsabta a ƙarƙashin mahbas. Ta ja baya ta tsaya. Baba Sabi'u ya miƙa hannu daga inda yake zaune, ya kama jan hannun, ya juya shi. Ruwa ya zubo miƙe cikin bokiti, da duhu-duhu da farko, sannan ya fara washewa. Ya rufe. Ya buɗe. Ya sake rufewa, yana sauraren ko zai ji ɗigo. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba.

"Na yi shekaru ina ba mahajjata ruwa," ya ce, "ban taɓa tunanin in juya wannan ramin gefe ba. Allah Ya yi miki albarka, ya binti. Aikinki ya fi nawa tsabta."

Ta sunkuyar da kai tana tattara sifanu. A asibiti an sha yaba mata, amma ba ta taɓa jin ƙirjinta ya cika haka ba.

Akwai bishiyar darbejiya a kusurwar filin, an kewaye gindinta da duwatsu, ba mai takawa. Can Baba ya ce a kai ruwan. Bandar ya kai bokitin farko, ya dawo, aka cika biyu. Yana tsakiyar fili, bokiti a kowane hannu, jallabiyar ta koma kalar ƙasa, sai waya ta fara ƙara a aljihunsa. Dukansu sun san mai kiran.

Baba ya ɗauke hannunsa daga mahbas ɗin ya ɗora a cinya.

"Ka ɗauka mana. Kada ka bar mutum a hanya."

Bandar ya tsaya. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya ƙarasa gindin bishiyar, ya tsiyaye ruwan a hankali, ya dawo ya ajiye bokitan a ƙarƙashin bututun.

"Zan kira shi in ba shi haƙuri," ya ce. "Buɗe, Abuya. Da saura."