Kwalbati Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Kwana tara ke nan lissafin yana tsayawa a wuri ɗaya. Injiniya za ta danna maɓalli, koren layi ya fara rarrafe a ƙasan allon kwamfuta, ta je ta haɗa shayi ta dawo, yana kai kashi sittin da uku sai ya cije. Jan rubutu ya fito: lissafi ya ƙi daidaita a kwalbati mai lamba arba'in da bakwai.

Hukumar birni ce ta ba kamfaninsu aikin. Unguwar da ke bayan tashar mota tana cikin kwari, kuma damina uku a jere ruwa yana shiga gidaje. Ana so a gina unguwar a cikin manhaja, da titunanta da magudananta, a zuba mata ruwan sama mai ƙarfi, a ga inda zai bi da inda zai kwanta, sannan a faɗi gyaran da ya kamata. Manhajar takan yayyanka ƙasa zuwa ƙananan gidaje kamar raga, ta riƙa lissafa ruwan da ya fita daga wannan ya shiga wancan, daƙiƙa bayan daƙiƙa. In wuri guda ya rikice, komai ya tsaya.

Manaja ya ba ta aikin ne don a unguwar aka haife ta. Iyayenta suna can har yanzu, a layi na huɗu.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta rage tazarar lissafin daga daƙiƙa biyu zuwa ɗaya, zuwa rabi, har aikin minti arba'in ya koma na awa shida, ya je ya mutu a sittin da huɗu. Ta ƙanƙanta ragar a kewayen kwalbatin. Ta bi ta goge wasu siraran gidajen raga masu kama da tsinke da manhajar ta haifar a kusurwar titi. Ta rubuta wa masu manhajar, bayan kwana biyu suka amsa da cewa ta sake duba bayanan da ta shigar.

Dogo, mai awon ƙasa, wanda teburinsa ke kallon nata, ya ce, "Ki ba ta haƙuri mana, Injiniya. Ko na'ura tana son lallashi."

"Na ba ta har na gaji."

"To kashe ki kunna. Iyakar karatuna ke nan a kanta."

A rana ta goma ta bar gyare-gyare ta buɗe bayanan da manhajar ke ajiyewa kafin ta tsaya, ta bi su layi layi. A wannan kwalbatin ruwa yana gaba ya dawo baya, zurfinsa ya tashi daga sifili ya kai mita tara, ya sake faɗowa. Ta ɗauko takardun ta jera. Ma'aunin kwalbatin daga tsohon zane ya fito, na shekara talatin da ɗaya. Tudun ƙasa kuwa daga awon da aka yi ta sama da jirgi bara. A zanen, bakin da kwalbatin ke fitar da ruwa a hayin babban titi yana ƙasa da doron ƙasar yanzu da mita biyu cur. Wato manhajar tana ta faman tura ruwa ya fita ta cikin ƙasa.

Ta kai wa Manaja. Ya duba a tsaye, makullin mota a hannu.

"Kuskuren awon sama ne. Sauke tudun wurin ya yi daidai da bakin kwalbatin, ki wuce. Litinin za mu gabatar."

Ta sauke. Koren layin ya wuce sittin da uku kamar ba shi ba, ya je ɗari. Taswirar ta fito da kyau: ruwa iya idon sawu a mafi yawan layuka, kuma in an faɗaɗa magudanai biyu, ko wannan ma ya tafi. Manaja ya ce madalla.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarta ya daɗe yana kallo. "Awon sama yakan yi kuskuren tafin hannu," ya ce. "Ban taɓa jin ya yi na mita biyu ba."

Washegari da hantsi suka tafi a motarsa. Bakin kwalbatin na ɓangaren unguwa kowa ya san shi, kullum da koren ruwa kwance a gabansa, kuma kowa na cewa shara ce ta toshe shi. Ita ta fi kowa saninsa, don babanta ne ya gina shi. Birkila ne, kuma tun tana ƙarama take jin labarin yadda suka zuba kankarensa a rana ɗaya ba hutawa. Ɗaya bakin ne ba ta taɓa gani ba, don hayin titi duk katangun manyan sito-sito ne.

Mai gadin sito-siton ya bar su suka shiga bayan ya juya katin aikinsu gaba da baya. Dogo ya kafa na'urarsa, ya bi lambobin, ya yi ta tafiya har cikin wani sito mai hawa uku. Ya tsaya a tsakiyar daɓe, tsakanin tulin buhuna, ya buga ƙafa.

"Ga bakin kwalbatinki nan. Ina tsaye a kansa."

Suka zagayo ɓangaren unguwa. Dogo ya sa dogayen takalman roba, ya kunna tocila, ya sunkuya ya shiga. Bai daɗe ba ya fito yana tofar da yawu.

"Taku goma sha ɗaya, sai bango. Ba shara ba ce, Injiniya. Bulo ne, har da filasta. Kuma wanda ya yi shi ya iya aiki."

Ta ce ya koma ofis, ita za ta leƙa gida.

Ta tarar da Baba a zaure yana goge tsofaffin kayan aikinsa da tsumma, abin da yake yi duk sati ko da yake ya shekara shida bai hau gini ba. Mama na daga ciki a kan kujerar roba, ta miƙe ƙafafunta masu ciwon gwiwa a kan wani bokiti da aka kife.

"Uwata ce da rana tsaka?" in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "An kore ki ne?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Sannan ta ce, "Baba, kwalbatinku. Wani ya gina bango a cikinsa."

Ya ci gaba da goge cokalin gininsa. Ya goge gaba, ya goge baya, ya ajiye shi a jere da sauran.

"Ni ne," ya ce.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, in ji shi, mai siton ya zo har zauren nan da takardu masu hatimi. Ya nuna masa zanen sabuwar magudana da za a haƙa a gefen babban titi har zuwa rafi, wadda ta ninka kwalbatin faɗi. Ya ce tunda Baba ne ya gina kwalbatin, shi ya fi sanin inda za a toshe ba tare da titi ya zauna ba. Kwana huɗu ya yi ya gama. Sabuwar magudanar kuwa an haƙa kamar taku arba'in, injin ya tafi, bai dawo ba.

"Sau bakwai ina zuwa ofishinsu. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin na sama. Daga baya na daina zuwa. Shekarun farko ruwa bai dame mu ba, ƙasar tudu tana shanyewa. Da aka cika tudun da gidaje da kwalta, sai ya fara sauko mana."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In faɗa wa wa? Maƙwabtan da nake taya kwashe ruwa daga ɗakunansu?"

Daga ciki Mama ta ce, "Shi ya sa ba ka bi ta can in za ka kasuwa." Ba da faɗa ta faɗa ba.

Da la'asar Injiniya ta mayar da tudun yadda awo ya nuna, ta cire kwalbatin daga manhajar gaba ɗaya. Minti talatin da takwas lissafin ya yi, ba jan rubutu ko ɗaya. Taswirar ta fito shuɗi mai duhu daga tasha har bayan makaranta. A layi na huɗu, zurfin ruwa mita ɗaya da santimita ashirin.

Kwana uku ta yi tana neman mafita. Ta faɗaɗa magudanai biyun nan, ruwan ya ragu da yatsu uku. Ta mai da filin ƙwallo tafkin tara ruwa, ya cika cikin minti ashirin. Abu biyu ne kawai suka yi aiki: a buɗe kwalbatin, ko a haƙa magudanar da aka fasa. Na farko yana ƙarƙashin gini mai hawa uku da cikakkun takardu. Hanyar magudanar kuma yanzu akwai gidan mai a kanta, da jerin shaguna, da gidaje ashirin da wani abu.

Manaja ba mugu ba ne. Ya zauna ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ranar Litinin ya nuna wa hukumar taswirar gaskiya da bakinsa, bai ɓoye komai ba. Aka yi tambayoyi, wani ya ce abin tayar da hankali ne. Aka ce za a kafa kwamiti kan batun kwalbatin. A yanzu dai a faɗaɗa magudanai biyun, tunda su ne aka tanada a aikin bana. Taswirar ta koma shafi na tamanin da shida, cikin ƙarin bayani.

Ta roƙi iyayenta su koma gidan Yaya, babban wanta da ke kan tudu, kafin damina ta kankama. Baba ya ce ba zai bar mutanen layi cikin ruwa shi ya hau tudu ba. Ta bi gida gida tana nuna wa maƙwabta taswirar a wayarta. Suka yi mata godiya, suka sa mata albarka, wata tsohuwa ta tambaye ta ko tana da ɗakin da za ta ba su.

Ranar Asabar ta tarar da Baba ya kwaɓa siminti yana ɗora bulo a ƙofar gida. Jeri uku ya yi niyya.

"Baba, sai shida zai tare."

"In na yi shida, uwarki ta ina za ta fita? Ukun ma sai an ɗaga ta."

Ta tuɓe takalmanta ta riƙa miƙa masa bulo. Yana karɓa yana ɗorawa, layin ya fita sak.

Ruwan ya zo bayan sati uku, ranar Laraba da azahar, ya yi awa biyu yana zuba. Tana ofis tana kallonsa ta taga, tana kiran wayar Baba ba ta shiga. Kafin ta isa, an riga an fito da Mama a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu na riƙe da shi. Baba na tsaye a bakin titi, jiƙe har ƙirji. A layinsu ba a rasa rai ba. A layi na shida katanga ta faɗa wa wani tela da ya koma ɗauko keken ɗinkinsa.

Iyayenta suka koma ɗaki guda a gidan Yaya. Baba ya rage magana. Da aka tafi gaisuwar telan, ya ce ƙafarsa na ciwo.

Bayan kwana goma Manaja ya kira ta ofishinsa. Hukumar tana son sabon nazari, in ji shi, mai zurfi, kuma za a fara da auna alamar da ruwan ya bari a jikin bangaye, don a tabbatar lissafin manhajar ya yi daidai da abin da ya faru. Ya ce in ba za ta iya ba, zai tura wani. Ta ce za ta je.

Suka fara daga layi na ɗaya, Dogo na riƙe da sandar awo, ita tana rubutawa. Ko'ina katifu ne a shanye a kan katanga, da littattafan yara a baje a rana, da warin laka. Dogo bai yi wasa ko ɗaya ba ranar. A gida na tara wata mata da ta goya Injiniya tana jaririya ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya tana kallon su suna auna bangon ɗakinta.

"'Yar nan, yanzu dai za a gyara mana ko?"

"An ce mu auna tukuna, Inna."

Matar ta gyaɗa kai. Ta ce to su shigo ciki, alamar ta fi fitowa a bangon kicin.