Rana Ta Faɗi a Arewa

Shamsiyya 'yar Malam Gana ba ta iya magana da rabin baki ba. In ta ce abu zai yi, ita dai ta gama, sai dai kai ka koma gida ka yi ta shakkarka. Da wannan hali ta gama karatun kwamfuta, da shi kuma ta sake gina Tudun Marke.

Tudun Marke ƙauye ne a ƙasar Kirikasamma, ko kuma a ce ƙauye ne a da. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta zo shekara uku a jere, mutane suka tattara komatsansu suka watse. Wasu suka zauna Haɗeja, wasu Kafin Hausa, wasu ba su tsaya ba sai Legas. Yau in ka je wurin, kacala za ka tarar ta fi tsayinka, sai tsuntsayen jan-baki suna ta hayaniya.

Akwai wata duniya a intanet da ake shiga da waya ko kwamfuta. Ana ba mutum fili da ɗan mutum-mutumi mai kama da shi, ya yi yawo, ya yi gini, ya yi hira da murya. Shamsiyya ta karɓi fili a can. Ta zaunar da mahaifinta, wanda ya yi ladanci shekara talatin a Tudun Marke, ta ce ya zana mata garin. Malam Gana ya durƙusa a tsakar gidansu na Haɗeja ya zana da sandarsa: ga masallaci, ga babban marken da garin ya ci sunansa, ga kogi, ga kowane lungu. Ta tsaya a bayansa ta ɗauki hoton zanen, ta ɗora a kan filin, ta kama aiki.

Shekara huɗu ana wannan gini. Ita ta yi masallacin da marken da bakin ruwa, kowane gida kuma ya zo ya gina nasa a inda yake a da. Gida sittin da uku suka tashi. Duk Juma'a bayan la'asar mutanen Tudun Marke sukan taru a gindin marken, kowa daga inda yake, a gaisa, a yi jaje, a yi barka, a taɓa gulma daidai gwargwado. Garin ba shi da rana, ba shi da inuwa. Haske ɗaya ne shimfiɗe ko'ina kamar hoton kalanda, kuma ba wanda abin ya dama.

Sai kamfanin da ke da duniyar ya fito da sabon haske. Za a sa rana guda ɗaya ga duniyar baki ɗaya, ta fito gabas ta faɗi yamma daidai da agogo. Kowane abu zai yi inuwa, ruwa zai riƙa ɗaukar hoton sama. Masu kowane fili su zaɓa kafin ƙarshen wata, su shiga sabon ko su zauna a tsohon, kuma wanda ya shiga ba komowa.

Ranar da labarin ya iso, Tudun Marke ta rabu biyu. Shamsiyya ce uwar masu so. Jagoran masu ƙi kuwa ɗan wan mahaifinta ne, Abdulfattah, mai gyaran waya a kasuwar Haɗeja, mutumin da ya buɗe cikin wayoyin rabin garin ya san abin da kowace za ta iya ɗauka.

“Ke kina da kwamfuta mai ƙarfi,” in ji shi a zauren Malam Gana. “Hajja Saude fa? Wayarta ko kiran bidiyo ta yi minti goma sai ta yi zafin da za a gasa masara a kai. Ki ɗora mata rana da inuwa? Batir zai ƙare, data ta ƙare, tsofaffi su daina zuwa. Ado muke nema ko zumunci?”

“Yaya, wannan ba ado ba ne,” ta ce. “Garin da ba inuwa gari ne? Mu da aka haifa a bakin ruwa, a ce ruwanmu yana nan kamar an shafa shuɗin fenti? Ka bari ka gani da idonka. Ranar Juma'a zan nuna wa kowa, kuma wallahi kai za ka fara ɗaga hannu.”

“Allah ya kai mu.”

“Zai kai mu.”

Aka tsayar da magana cewa ranar Juma'a za a ƙirga hannu. Kamfanin ya ba masu fili damar gwada sabon hasken su kaɗai kafin su yanke shawara, don haka ranar Alhamis da yamma Shamsiyya ta ɗauko kwamfutarta ta ajiye a gaban mahaifinta. So take ya zama shi ne mutum na farko da zai gani, kuma, a gaskiya, so take ta sami bakinsa kafin Abdulfattah ya samu.

Ta kunna. Ruwan ya koma ruwa, jaja-jaja a gefe, yana walƙiya a tsakiya. Katangun laka suka fito da kaushinsu. Ganyen marken yana motsi, haske yana ratsa shi yana zuba ƙasa. Ta juya tana murmushi don ta ga fuskar Baba.

Malam Gana ya gyara tabarau ya matso. Ya daɗe yana kallo.

“Ƙarfe nawa ne a cikin nan?”

“Daidai da namu, Baba. Huɗu saura.”

“To ina inuwar marken za ta?”

Ta duba. Inuwar ta miƙe zuwa kogi, kanta har ya taɓa ruwa.

“Shekara talatin,” in ji shi, “ban taɓa duba agogo don la'asar ba. Marken yana yamma da masallaci. In inuwarsa ta hau dokin ƙofa, sai in tashi in kira. Wannan kuwa kudu ta nufa, wanka za ta je yi. Ɗaga min sama in ga ranar.”

Ta ɗaga. Ga rana can tana gangarawa ta bayan gidan su Sunusi.

“Gidan su Sunusi arewa yake da gari, Shamsiyya. Ranar Turawan nan a arewa take faɗuwa?”

Ranar ba ta yi kuskure ba, kuma Shamsiyya ta gane haka tun kafin ya rufe baki. Ta lalubo tsohon hoton zanen a wayarta. “Baba, ranar da ka zana min, ina ka fuskanta?”

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunansa. “Gabas mana. Mutum zai zana garinsu ya ba alƙibla baya?”

Shi ke nan. Shi ya sa gabas a gabansa, kamar yadda duk dattijon Tudun Marke zai yi. Ita kuwa 'yar makaranta, da ta ga hoton sai ta ɗauki samansa a matsayin arewa, yadda aka koya mata a taswira. Garin gaba ɗaya ya karkace kwata guda. Shekara huɗu masallacin Tudun Marke yana kallon arewa, ba wanda ya sani, saboda ba rana balle ta tona.

Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta saba da ita ba. Ta bincika ko ana iya juya filin ɗungurungum, ta tarar ba hali. Ranar kuma ta kowa ce, ba mai matsar da ita. Hanya ɗaya ce: a rushe komai, masallaci da marke da gida sittin da uku, a sake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma wata hanyar, mai sauƙi ƙwarai. Gobe ta miƙe ta ce ta yi tunani, Yaya Abdulfattah ya fi ta gaskiya, wayoyin tsofaffi ba za su ɗauka ba. Za a yaba mata da sanin ya kamata. Garin zai zauna a tsohon haskensa, karkatacce, lafiya lau, har abada. Ta dubi mahaifinta ta gefen ido. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Shamsiyya ta juya wannan dabara a ranta kamar minti biyar, ta ga ba za ta iya zama da ita ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ta bar Baba yana shiga garin duk Juma'a, yana gaisawa da mutane a ƙofar masallacin da ya san ya ba alƙibla kafaɗa, yana shiru don kar 'yarsa ta ji kunya.

Ranar Juma'a zauren ya cika. Mazauna Haɗeja sun zo da ƙafarsu, na nesa sun shigo ta waya, muryoyinsu suna fita ta lasifika. Abdulfattah ya kawo babban allon talabijin daga shagonsa, wai don kowa ya ga abin da zai ƙona masa waya. Ya fara magana, ya kuma yi ta da kyau. Ya lissafa wayoyin da ba za su ɗauka ba, gida-gida, har goma sha ɗaya. Mutane suna ta gyaɗa kai.

Da aka zo kanta, Shamsiyya ta miƙe ta gyara mayafi.

“Duk abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne,” ta ce. “Ni kuma ga tawa. Na yi muku kuskure, kuma babba ne. Ku duba.”

Ta kunna sabon hasken a babban allon. Aka yi “kai!” gaba ɗaya saboda kyan ruwan. Ta bar su suka more na ɗan lokaci, sannan ta nuna musu inuwar marken, ta nuna musu inda rana take, ta faɗi yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Ta ce in an zaɓi sabon haske, kowa sai ya rushe gidansa ya sake. In an zauna a tsohon, ba mai ganin karkatar, amma tana nan.

Abdulfattah ya buɗe baki, ga nasara an miƙo masa a faranti, sai ya rufe. Idonsa yana kan allon.

“Matsa min zuwa gidanmu,” ya ce.

Ta matsa.

“Wannan katangar,” ya ce a hankali, “a gindinta Inna take tankaɗe da yamma, saboda inuwa. Ga shi rana ta dake ta.” Ya yi tsaki. “Ni da hannuna na gina, ban lura ba.”

Sai bakuna suka buɗe. Sunusi daga Legas yana ihu ta lasifika cewa shi dama ya daɗe yana jin wani abu ba daidai ba, aka yi masa dariya, don kowa ya san ƙarya yake. Wata ta ce ƙofar ɗakinta hantsi take kallo. Wani ya ce rumbunsu ba ya ganin rana sai azahar. Mutanen da suka zo gardamar batir suka koma gardamar inda inuwar kowace katanga take faɗuwa shekara ashirin da suka wuce, kuma kowa ya tuna tasa.

Hajja Saude, mai wayar gasa masara, ta buga sandarta a ƙasa. “Ni dai ku ji. Wayata ba za ta ɗauka ba, na ji. To ta huta. Abdulfattah, wannan allon naka ba haya ka ɗauko ba ko?”

“Nawa ne, Hajja.”

“To duk Juma'a ka kawo shi nan, mu masu tsofaffin wayoyi mu zo mu zauna. Amma ba zan ci gaba da zama a garin da rana ke faɗuwa a arewa ba. Ko a mafarki ban taɓa ganin haka ba.”

Ba kowa ya yarda ba. Mutum tara suka ƙi, biyu daga cikinsu na nesa ne da ba su da zauren da za su je, kuma Shamsiyya ba ta da amsar da za ta ba su ranar, ta ce musu ba ta da ita. Abdulfattah ya ɗaga hannu tare da masu so, ko da yake ba shi ya fara ba, kuma ya tabbatar ta lura da haka.

“To,” in ji shi, “da gidan wa za a fara? Kowa zai ce a fara da na maƙwabcinsa.”

“Da masallaci,” in ji Malam Gana.

Ya taso ya zauna kusa da 'yarsa, ya ce ta nuna masa inda ake dannawa. Ta ce ai ita za ta yi, ba sai ya wahala ba. A ranta tausayinsa take ji, don ta san sau nawa ya sa ta gyara tsayin matakalar nan da yake hawa ya yi kira, har sai da ta yi daidai da yadda ƙafarsa ta sani.

“Nuna min,” ya ce.

Ta ɗora yatsansa a kan maɓallin. Ya yi bisimilla ya danna. Masallacin ya ɓace daga allon, ya bar fili fetal, rana tana dukan ƙasa. Wata mata a bayan zaure ta fashe da kuka.

Malam Gana ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin rawani, bai ɓoye ba.

“Ki daina kuka, Jannat,” ya ce. “Na farkon ruwa ne ya ci shi ina tsaye ina kallo, ba wanda ya tambaye ni. Wannan ni na rushe, kuma na san ranar da za a fara gini.” Ya juya ga Shamsiyya. “Gobe da hantsi. Ki zo da abin aikinki.”