Babban Yatsa a Kan Katin Sallah

A garin Dunya, can bayan Bagwai, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani, Aina'u ce ta fara kawo sana'ar katin gaisuwa. Ba mai musun wannan, ita kuma ba ta yarda a manta ba.

Da ta gama kwaleji a Bici ta dawo gida, abin da ta bari shi ta tarar: 'yan mata sun gama sakandare suna zaune a tsakar gida suna tsefe wa juna kai, iyaye na cewa Allah zai kawo miji. Haushi ya hana ta sakat. Ta sayar da tunkiyarta, ta shiga Kano ta sayo ƙaramin injin yanka takarda mai hannun juyawa, da ƙarafan da ke fitar da siffar fure da ganye da jinjirin wata, da tawada mai danƙo, da garin zinare, da abin hura zafi mai kama da na busar da gashi. Hatimai kuwa da hannunta ta sassaƙa su daga tsohon silifa. Wurin sassaƙa na farko reza ta tsaga mata babban yatsa, tabon yana nan a gicciye har yau.

Ta bi gida-gida tana kiran 'yan mata su zo su koya kyauta.

"Takarda ake ci?" in ji wata tsohuwa. "Mu da ƙafa muke zuwa barka, 'yar nan. Haka muka gada."

"Haka muka gada" ita ce maganar da Aina'u ta fi tsana a duniya. Da ita aka bar rufin asibitin garin yana yoyo, da ita aka bar ajin firamare babu kujera. Duk wanda ya motsa a Dunya sai an zauna a inuwa ana jiran ranar faɗuwarsa.

Mutum ɗaya ce ta zo ta zauna: Juwairiyya, 'yar ƙanin mahaifinta, yarinya mai sanyin magana. Aina'u ta koya mata komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Yadda ake shimfiɗa ƙarfe a kan takarda a juya inji a hankali har fure ya faɗo. Yadda ake danna hatimi sau ɗaya ba girgiza, a zuba gari a kan tawada, a karkaɗe, a hura zafi har garin ya narke ya taso kamar an zuba zinare na gaske. Wutar ma ita ta roƙo daga janaretan Sama'ilu mai cajin waya, aka jawo waya ta kan katanga.

"Doka ta farko," ta sha gaya mata, "wanke hannu. Garin nan ba tawada kaɗai yake bi ba. Ko ɗan maiƙon yatsa ya samu sai ya manne."

Sai hannun yarinyar ya fi nata. Aina'u ta daɗe tana ƙin ganin haka, amma ido ba ya ƙarya. Katinta cike yake, fure kan fure, rubutu ko'ina, kamar mai gardama. Juwairiyya kuwa sai ta sa jinjirin wata ɗaya da kan gero ɗaya a gefe, ta bar sauran fili, mutum ya riƙe ya kasa ajiyewa. Matan da suka yi dariya suka fara leƙowa, a ce a yi wa mai jego kati, a yi wa amarya. Kowacce ta shigo sai ta tsallake teburin Aina'u ta nufi na Juwairiyya.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, gero ya kai gwiwa, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Fanna ce, matar Alhaji Mala mai sayen hatsi a Dawanau. Ta yi sallama, ta gaisa da Inna, mahaifiyar Aina'u, sannan ta dubi Aina'u tana murmushi.

"'Yammata, nan ne gidan Juwairiyya mai kati? Ke ce mai taya ta?"

Aina'u ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. A gidan ubanta! A gaban injin da ta sayar da tunkiya ta saya!

"Yayata ce, Hajiya," Juwairiyya ta yi saurin cewa. "Ita ta koya mini."

"Allah sarki. To, Alhaji ne yake son katin barka da Sallah ya raba wa abokan cinikinsa. Da ma Kano muke kaiwa a buga. Na ga wanda kika yi wa Maimunat ranar suna, na ce a'a, bana 'yar gida za ta yi. In ya yi kyau, duk shekara naki ne. Jibi zan dawo in ga yadda kike narka zinaren nan da idona."

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Mata a bakin rijiya suna cewa ashe takardar ma ana ci. Sunan Juwairiyya kawai ake kira.

Kwana biyu Aina'u tana juya mata inji, tana jin kowane juyi a haƙoranta. Ta ce koren ya yi duhu, Juwairiyya ta ce to. Ta ce watan ya karkace, Juwairiyya ta gyara. Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo.

Ranar da Hajiya za ta dawo, katunan na jere a kan tebur, kore shar, an yanke, an shafe su da hoda don kada gari ya manne inda ba a so, hatimi kawai suke jira. Juwairiyya ta tafi gidansu yin azahar. A tsakar gida Inna na suyar ƙuli-ƙuli.

"Aina'u, zo ki ɗanɗana mini gishiri."

Ta ɗauki ɗaya mai zafi ta gutsura. Ta tsaya tana kallon yatsanta yana sheƙi. Ba ta tsara komai ba, ƙafarta ce ta kai ta ɗaki. Ta ɗan goga yatsan a zani yadda maiƙon ba zai nuna ba, ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya tana dannawa a tsakiyar filin nan da Juwairiyya ke bari. In ya bushe ta koma ta taɓa ƙuli. A ranta tana cewa gari zai yi dabbare-dabbare, Hajiya za ta ga yarinya ce, za ta juyo ta tambayi wa ya fi sanin aikin.

Hajiya Fanna ta zo da ƙawayenta biyu, matan unguwa suka cika ƙofar ɗaki. Sama'ilu ya tayar da janareta. Juwairiyya ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta danna hatimi, ta zuba gari, ta karkaɗe.

Wata ya fito, kan gero ya fito. A tsakiya kuma ga wani abu zagayayye.

Ta hure shi, bai tafi ba. Ta ɗauki wani katin ta zuba gari ko hatimi ba ta sa ba. Ga shi nan. Ta ɗauki wani daga ƙasan jeri. Ga shi nan.

"Wannan kuma wane irin ado ne?" in ji Hajiya.

Abin da Aina'u ba ta lissafa ba ke nan. Garin bai yi dabbare-dabbare ba. Lafiyayyen gari ne, ita ta zaɓo shi da kanta, ya bi zanen yatsa layi-layi, har da tsagar da ta ratsa shi a gicciye.

Juwairiyya ta daɗe tana kallo. Ta san tabon nan, shi ya riƙe hannunta ranar da ta fara danna hatimi. Ba ta ɗaga kai ba. Ta kunna abin hura zafi ta kara a kan katin farko. Garin ya yi duhu, ya narke, ya taso. Babban yatsan ya tsaya da zinare, ya fi watan haske.

"Duka haka suke?" Hajiya ta tambaya.

"Duka, Hajiya. Takardar kuma ta ƙare."

"Wa ya taɓa miki?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

Hajiya Fanna ta gyara mayafi. "Sallah ta matso, ba zan sa Alhaji ya ji kunya ba. Direba ya wuce da ni Kano kawai. Da ma an ce mini aikin ƙauye sai haƙuri."

A bakin ƙofa tsohuwar nan ta tafa hannu. "Ai mun faɗa! Mu dai da ƙafa muka gada."

Maganar ta daki Aina'u. Ita da kanta ta miƙa musu abin faɗa.

Ɗaki ya watse. Juwairiyya ta naɗe wayar wuta, ta share garin da ya zube ta mayar cikin kwalba, ta jera hatimai a inda suke zama. Ba ta ɗauki komai ba sai mayafinta. Ta ajiye katin a gaban Aina'u.

"Yaya, ga naki. Da kin ce in bar miki, wallahi da na bar miki."

"Juwairiyya, tsaya mana," in ji Aina'u.

"Inna, sai anjima," ta ce a tsakar gida, ta fita.

Inna ta leƙo da matsami a hannu. "Me ya sami 'yar'uwarki? Ko ƙulin ba ta ɗauka ba."

Aina'u ta jawo katin. Ta sa farce tana kankarar zinaren. Ta sani sarai, ita ta koyar: in ya narke ba ya fita, sai dai takardar ta yage.