Zare a Bayan Tambari

Motar tsere ce ja mai ƙofa biyu, ta kwanta da cikinta a ƙasa kamar kyanwa mai fako. Likitar da ta kawo ta abu ɗaya take so: a cire mata tambarin kamfani da haruffan da ke manne a but, wato murfin bayan motar, a bar jikin sumul.

"Wannan aikin Baba ne," in ji babban ɗansa, wanda garejin ya koma hannunsa. "Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa kartar motar mutum ba."

Baba mai fenti ya ji yabon, amma bai yi masa daɗi ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, inda yake wuni wata huɗu ke nan, tun da ya fara rawa. Saboda shi ya daina shan shayi a gaban mutane. Ya san halin ɗansa, mutum ne mai tausayi, kuma tausayin nan yake tsoro. Ranar da ya gane, zai jawo masa farar kujerar roba ta bakin ƙofa, ya zaunar da shi yana amsa gaisuwar masu wucewa har ƙarshen kwanansa.

Ya kunna na'urar busar da gashi, wadda ya ara wajen surukarsa tun bara bai mayar ba, ya hura wa harafin farko zafi har gam ya yi laushi. Masu gaggawa da sukundireba suke ɓamɓarewa, su tafi da fenti. Shi zaren kamun kifi yake naɗewa a yatsu, ya zura shi ta bayan harafi, ya dinga ja hagu da dama kamar mai yankan sabulu. Muddin zaren na miƙe tamau, hannun yana da ladabi.

Likita ta ƙi shiga ofis. Ta harɗe hannu ta tsaya a kansa.

"Baba, me ya sa har yanzu nake ganin rubutun?"

"Rana ta ci jan ko'ina, 'yata, ban da inda harafi ya rufe. Tambari na fita, amma inuwarsa sai a hankali."

"To, ashe wahalar banza na ba ka."

"Ai ke kika biya, ni na wahala, kowa ya samu nasa," ya ce. Ta yi dariya, shi kuwa gumi na bin bayansa.

Haruffa bakwai, sai babban tambarin tsakiya. Duk wanda ya faɗo, ya cafe da hagu ya jefa cikin wani murfin gwangwani. Da ya gama ya duba wurin ta gefe, inda haske ke tona asirin mai aiki. Ko ƙwarzane ɗaya babu. Daɗi ya kama shi irin wanda ya manta rabonsa da shi, ya kashe na'urar, garejin ya yi tsit.

Ɗabi'arsa ce tun yana saurayi, abin da ya cire daga motar mutum sai ya damƙa wa mai ita, ko da ƙusa ce. Ya ɗauki murfin ya miƙa mata da hannun dama, domin ba a ba mutum abu da hagu. Haruffan suka fara kaɗawa cikin gwangwanin, ƙarar ta cika wurin. Ya matse yatsu, abin ya ƙaru.

Ba murfin ta karɓa ba. Wuyan hannunsa ta riƙe a hankali.

"Baba, tun yaushe ya fara?"

Ƙasa-ƙasa ta faɗa, amma ɗansa yana tsaye a bayansu. Baba bai waiwaya ba. Ya ji takunsa ya yi bakin ƙofa, sannan ya ji ƙafafun kujerar roba suna jan siminti.

"Ka ɗan huta, Baba," in ji ɗan. "Ni zan goge ragowar gam ɗin."

Baba ya zauna. Baƙin ciki ya tokare shi, ya rasa wanda zai yi wa fushi, don ba wanda ya yi masa laifi. Daga kujerar yana hango inuwar haruffan nan bakwai, jajir a jikin but. Ya ga ɗansa ya ɗauko tsumma mai kaushi maimakon mai laushi, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna abinka, Baba," ɗan ya ce ba tare da ya juyo ba. "Na iya."