Fasfon Sana a Ranar Wankin Ƙafa

Duk wanda ya san Madam Rifkatu Gado a Doha ya san ta da takarda a hannu. Nas ce, 'yar Malumfashi, shekararta goma sha ɗaya a Al Wakrah, kuma ita ce shugabar kwamitin adalci na 'yan Najeriya a cocin Katolika da ke bayan gari. Ranar Juma'a ake babban Mas, wato babbar sujada, a can, don ranar ce kowa ke hutu, kuma ba a taɓa tashi Madam ba ta tare bakin ƙofa da biro ba. Wannan makon a sa hannu don a bar 'yan Najeriya mazauna waje su jefa ƙuri'a daga inda suke, mako mai zuwa a sa hannu don direbobin da ake hana hutu. Har wani kati shuɗi ta sa aka buga mata, an rubuta FASFO NA MAI SHI NE da harshe uku, tana raba wa masu gadi da masu shara duk inda ta gan su.

Fasfon Sana kuwa yana cikin durowar Madam, ƙarƙashin zannuwan zumuntar mata, an ɗaure shi da roba tare da katin zama.

Sana ce mai aikin gidan. Mutuniyar Ghana ce, tashin Zangon Kumasi, Katolika tun kakanninta, da irin Hausarsu ta can. Shekararta uku a gidan, ta baro ɗiya ƙarama wajen uwarta. In kun tambayi Madam, ba riƙe fasfon ta yi ba, ajiyewa ta yi, kuma za ta yi muku bayanin bambancin har shayinku ya huce. Ɗakin Sana ba makulli, yara uku masu ɓarna, ga zafin ƙasar nan mai cin takarda. Abin da ba ta faɗa shi ne, mai aikin maƙwabciyarta ta tafi hutun wata ɗaya, yau shekara biyu ke nan ana jiranta. Madam na asibiti safe da yamma, maigidan yana can wajen aikin gas sai ƙarshen mako. Ranar da Sana ta hau jirgi, ranar gidan zai kife.

"Madam, ina so in je in ga yarinyana," in ji Sana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Bayan Kirsimeti."

In Kirsimeti ta wuce, sai a koma bayan Ista. Ko Mas ma Sana ba ta zuwa, domin a falon Madam kwamiti ke zama bayan an taso, kuma mutum goma sha biyar ba sa iya tattauna haƙƙin ma'aikata da yunwa a cikinsu. Dole wani ya tsaya gida ya dafa shinkafa da wake da wannan baƙin yajin na mutanen Ghana.

To ana nan sai azumin Ista ya shigo, zaɓen shugaban kwamiti ya matso, sai ga wata Saraya Auta, malamar makaranta 'yar Zonkwa, ta fara gaisa da mutane fiye da yadda ta saba. Madam ta gane. Ta kwana biyu tana tunani, ta fito da dabara.

Ranar Alhamis Mai Tsarki, Fada, limamin cocin, yakan ɗaura tawul, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu a gaban bagade, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Shekara da shekaru injiniyoyi da likitoci ake zaɓa, masu safa mai laushi, waɗanda ƙafarsu ba ta san ƙasa ba. Madam ta miƙe a taro ta ce bana a canza. A kawo direbobi da masu gadi da 'yan aikin gida, su ne ƙananan da Ubangiji ya ce a duba. Fadan tsoho ne mutumin Kerala, mai saurin hawaye. Nan take ya cire tabarau ya share ido.

Saraya Auta ta yi murmushi. "Kai, shawara ta yi kyau, Maman Zumunta. Ai kina da guda a gida ma. A fara da ita."

"Dama ita na fara rubutawa," in ji Madam, tana rubutawa.

Ranar Alhamis tun azahar Madam ta sa Sana ta goge ƙafa da dutse. Ta duba, ta ce a sake. Ta ba ta man shafawa nata na kanta, ta ba ta tsohon zanin zumunta mai hoton Uwargida Maryamu.

"Madam, in na wanke shi tas, Fada zai wanke mene?"

"Ke dai goge. So kike a ce ina barin ki da faso?"

Sai da suka kai mota Madam ta tuna a Makon Tsarki ana duba katin zama a ƙofar harabar coci, saboda yawan jama'a. Ta koma da gudu, ta ɗaga zannuwa, ta ɗauko ƙunshin yadda yake ta jefa a jaka. Lissafinta mai sauƙi ne. Ta zaro katin, ta nuna da hannunta, ta mayar.

Da suka isa, rana ta yi sanyi, mutane kamar kasuwa, Filifinawa da Indiyawa da namu. An ware ƙaramar ƙofa don mutum goma sha biyun, Fada yana tsaye a ciki yana tarbarsu ɗaya bayan ɗaya, Saraya Auta na gefensa da jerin sunaye. Mai gadin ƙofar wani Sunusi ne, ɗan Gumel, wanda Madam ta taɓa ba wa katinta shuɗi har guda biyu.

"Madam, barka da yamma. Kati."

Madam ta nuna nata, sannan ta cusa hannu a jaka tana lalube. Ashe robar nan, shekara uku a durowa cikin zafin Doha, ta narke ta manne kati da fasfo kamar an sa musu gam. Ta ja da farce, ta murɗa, ina. Layi ya tsaya, na baya sun fara “yalla, yalla”, wato a yi sauri. Ta ɗago ƙunshin kaɗan daga bakin jaka.

"Ga nata nan, ka gani ai."

"A'a Madam, kowa da nasa a hannunsa. Haka aka ce mana." Ya sunkuyo ya ƙara dubawa, ya washe baki. "Har da fasfo? Ai na mai shi ne, ko ba haka kika koya mana ba?"

Yaron nan da zuciya ɗaya ya faɗa, yana jiran a yaba masa ya riƙe karatu. Madam ta miƙa wa Sana ƙunshin. Sana ta karɓa da hannu biyu, ta nuna wa Sunusi, sannan ta juya baya kaɗan ta tura shi cikin rigarta, can inda mata ke ajiye abin da ba sa son a tambaye su.

Duk wannan a kan idon Saraya Auta aka yi. "Ikon Allah. Maman Zumunta, me fasfon yarinya yake yi a jakarki?"

"Karɓo mata na yi," in ji Madam.

Ba ƙarya ta yi ba, ku lura. Daga durowa ta karɓo shi. Amma Fada ya ji kalmar fasfo, ya matso ya tambaya da Turanci me ake ciki, Sunusi kuma ya fassara masa da murna cewa Madam ce ta karɓo wa wannan baiwar Allah fasfonta. Fada ya tambayi Sana shekara nawa rabonta da shi. Ta ɗaga yatsu uku. Tabarau ya sake fita.

Aka shiga Mas. Sana ce ta huɗu a kan benci, tsakanin wani direba ɗan Sri Lanka da wata mai shara. Fada ya zuba ruwa a ƙafar da ta sha dutse sau biyu, ya share, ya sumbata. Madam na kujerar gaba, idonta ba ya kan ƙafar, yana kan ƙirjin Sana, inda kusurwar fasfo ta ɗan turo hoton Uwargida Maryamu. Tana ta shirya maganar da za ta yi a mota. Kawo in ajiye miki, kar ya jiƙe da gumi. Haka za ta ce, a hankali, bayan sun wuce shataletale na biyu.

Lokacin roƙe-roƙen jama'a ya yi, Madam aka sa ta karanta, kuma ita ta rubuta su tun makon jiya. Ta hau ta karanta da muryarta mai kyau: domin baƙi da ke ƙasar da ba tasu ba, domin waɗanda aka hana ƙuri'a, domin iyayen gida masu riƙe takardun ma'aikatansu, Ubangiji ya tausasa zukatansu. Jama'a suka amsa. Muryar Saraya ta fi ta kowa.

Kafin ta sauko, Fada ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce ba a saba yin haka a wannan rana ba, amma yau ya ga wankin ƙafa na gaskiya a bakin ƙofa. Ya ba da labarin wani kafil, wato ubangidan ma'aikaci, mai taurin zuciya da ya riƙe fasfon wata yarinya shekara uku, da wata mace da ba ta tsaya a rubutun kati ba, ta je ta karɓo. Bai san sunan mutumin ba, ba ya kuma son sani, a yi masa addu'a kawai. Coci ya ɗauki tafi. Madam ta sunkuyar da kai, kowa ya ce tawali'u ne.

Da aka fito harabar, mata suka kewaye su. Saraya ta ratso, ta dafa kafaɗar Sana, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"'Yar'uwa, faɗa mana. Wane ne wannan mugun? A wace unguwa yake?"

Kowa ya kasa kunne. Sana ta dubi ƙafarta, ta dubi Madam, ta ɗora tafin hannu a ƙirji.

"Allah ya san shi, Anti. Ni na yafe." Ta ɗan tsaya. "Madam ya ce ma in tafi gida sati mai zuwa, in ga yarinyana. Ko ba haka ba, Madam?"

Ido ashirin suka juyo.

"Haka ne," in ji Madam. "Sati mai zuwa."

"Ranar Talata," in ji Sana.

"Talata."

Mata suka rangaɗa guɗa a tsakiyar harabar har wani Bafilifine ya tsaya yana ɗaukar hoto. Nan take ma'ajin kwamiti ya ce tikiti a kansu, Saraya ma dole ta tafa, da ƙarshen yatsu.

A mota suka wuce shataletale na biyu, suka wuce na uku. Sai da fitilun Al Wakrah suka bayyana Madam ta gyara murya.

"Wata ɗaya za ki yi, ko?"

"In Allah ya yarda, Madam."

"Ba in Allah ya yarda na tambaye ki ba. Za ki dawo?"

Sana tana kallon taga. "Madam, ka yi a hankali, akwai kamara na 'yan sanda a nan."

Ranar Talata mota uku suka raka ta filin jirgi, ana waƙar zumunta. Juma'ar da ta biyo aka yi zaɓe, Madam ta ci da ƙuri'a goma sha huɗu, ɗaya ce kawai ta ƙi ta. Aka kuma ƙara mata wani aiki, a bisa shawarar Saraya Auta, wadda kowa ya yaba: tunda ta san hanya, daga yanzu duk mai aikin da aka riƙe wa fasfo, Madam ce za ta je gidan da kanta ta karɓo. Suna na farko da aka miƙa mata na maƙwabciyarta ce, wadda ta yi sabuwar mai aiki, maƙwabciyar da tun bara Madam ta ba ta shawarar inda ake ajiye fasfo.